Hindu Mai Jajayen Awaki da Saƙon Likitar Bisashe

A wani ƙauye da ke arewa da Gidan Amumune, in baƙo ya tambayi gidan Hindu, ba mai ce masa wace Hindu. Sai dai a nuna masa dangar kara mai iccen bedi a ƙofa, kuma tun bai ƙarasa ba kukan awaki zai tabbatar masa ya zo. Mace ce gajera mai kaurin hannu, ta ba hamsin baya. Ba ta da yawan dariya, amma ba ta da faɗa. Hindu mai jajayen awaki ake ce mata, har a kasuwa.

An haife ta a ƙasar Tasawa, gidan manoman hatsi. Ba a sa ta lakwal, makarantar boko, ba, allo ta yi gwargwadon abin da za ta yi salla da shi. Aure ne ya kawo ta ƙasar Mayahi, gidan Sulaiman, manomi mai amalanken jaki. Ranar da za a kai ta, uwarta ta haɗa mata da ƴar akuya ja, irin na ƙasar Maradi masu haihuwar tagwaye, kuma daga wannan akuyar garken ya tashi. Shekarar da damina ta yi gardama, awakin ne suka ci da gidan: a sai da bunsuru a auno hatsi, a tatsi nono a dama fura. Da Sulaiman ya kwanta ciwon da bai tashi ba, su ne suka kai shi gidan likita, su ne kuma suka ciyar da masu zaman makoki.

Ɗiyanta maza biyu sun tafi arewa biɗar na kansu. Ɗiyarta mace, Safi, ta yi aure a Tasawa tana ɗinki. Hindu ta zauna ita da awakinta, amma ba ita kaɗai ke cin moriyarsu ba. Takan ba mace akuya ta riƙe, in ta haihu ta yaye, ƴaƴan na mai riƙo ne, uwar ta dawo gida. Da wuya ka sami gida a unguwar da jinin awakinta bai shiga ba, shi ya sa in ta yi magana a kan bisashe mata ke kasa kunne.

Game da gwamnati kuwa, Hindu na da nata ra'ayi, kuma ba ta ɓoye shi. Wata shekara an yi shela za a raba iri, mata suka bar daka suka zauna ƙofar maigari tun hantsi har rana ta yi sanyi, ba wanda ya zo, ba wanda ya aiko da dalili. Wata shekarar kuma ba shela ba komai, sai ga mota an zo an yi aiki an tafi, rabin gari na gona.

"In sun zo mu gani," take cewa. "In ba su zo ba, da ma ba mu aza tukunya don su ba."

Salula ta shigo rayuwarta ta hannun Safi. Safi ta zo ganin gida bayan babbar salla, ta ajiye mata tsohuwar tata mai shafawa, ta zaunar da ita a tabarma.

"Inna, ba sai kin iya karatu ba. Ki danna nan ki riƙe, ki yi maganarki, ki saki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ina Tasawa zan ji ki kamar muna ɗaki ɗaya."

Hindu ta koya a hankali. Ta gane cewa rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga gidanta sai ta hau tudun da ke bayan rijiya. Ta gane cewa in wuta ta ƙare sai ta kai wa Bube mai shago, wanda ke da farantin hasken rana. Wata da watanni ba wanda take aika wa murya sai Safi da samarin nan nata na arewa.

Wata ranar kasuwar Gidan Amumune ta kai bunsuru biyu. Tana tsaye tana jiran dillali sai ga wata matashiya da farar riga a kan atamfa, tana bi tana buɗe bakin bisashe tana duba idonsu. Ta tsaya a kan na Hindu ta daɗe tana shafa su.

"Inna, waɗanga naki ne? Ja tsantsa, ba gauraye. Ina kike kiwonsu?"

Hindu ta faɗa mata a taƙaice, tana kallonta da gefen ido. Matashiyar ta ce sunanta Zahra'u, likitar bisashe ce ta gwamnati, ita ke kula da ƙauyukan wannan yanki. Ta ce sun buɗe gurup a Watsap don masu kiwo, duk sanarwar da ta taso a nan suke sa ta da murya, wanda bisarshi ba ta da lafiya kuma yana iya aiko da hoto.

"In na ba ki lambata, mi za ku yi da ita?" in ji Hindu.

"Magana kawai, Inna. Ranar da kika gaji, ki ce in fitar da ke."

"Ba biya?"

"Ba biya."

Hindu ta miƙa mata salular, ba don ta yarda ba, sai don ta ga yarinyar ta iya riƙe akuya. Ta lura da yadda ta sa gwiwa ta tokare bunsurun ba tare da ta murɗe masa wuya ba.

Da farko saurare kawai take yi. Gurup ɗin cike yake da maza: Fulani, Buzaye, Hausawa, daga garin Tchaké har garin Sarkin Hausa, wani ya yi cigiyar raƙumi, wani ya yi sallama ta safe ya ƙara da wa'azi. A tsakiyar wannan hayaniya muryar Madam Zahra'u kan fito, ba ta da tsawo: a kula da ruwan tafki wannan watan, kada a bar bisashe su ci ɗanyen tsiron dawa. Wasu abubuwan Hindu ta san su tun Zahra'u ba ta zo duniya ba. Wasu kuwa ba ta sani ba, ta kuma riƙe su.

Ranar da hantsar wata akuyarta ta kumbura ta yi zafi, ɗan ya kasa sha, sai ta ce bari ta gwada. Ta ɗauki hoto, ya fito a karkace, ta hau tudu ta aika, ta bi shi da murya. Kafin la'asar amsa ta zo. Zahra'u ta ce ta gasa wurin da ruwan ɗumi, ta tatse nonon ta zubar, ta kuma faɗa mata sunan maganin da za ta aika a sayo, ta maimaita shi a hankali don a iya kunna wa mai saidawa. Akuyar ta warke. Hindu ba ta yi godiya a gurup ba, amma da kasuwa ta zagayo ta kai wa Zahra'u ƙwaryar fura.

Daga nan gindin bedinta ya zama wurin jin labari. In ta sauko daga tudu da yamma, mata kan taru da tankaɗe da tsintar wake, ta kunna musu abin da ya shigo. Maƙwabciyarta Aminatu, wadda ke riƙe da akuyar Hindu guda, ita ce kullum a gaba, ita ce kuma mai yawan tambaya.

Bayan an gama girbi, Zahra'u ta sa sanarwa: za a zo rigakafin awaki da tumaki, kyauta, a filin da ke gaban lakwal. Cutar da ake gudu ita ce mai sa majina da zawo, wadda in ta shiga garke ba ta barin na kirki. Duk bisar da aka yi wa allura za a ɗan yanke mata gefen kunne don kada a maimaita.

Ba a kwana da yawa ba sai ga Aminatu da salular mijinta a hannu, tana haki.

"Yaya Hindu, saurari wanga. Ɗana ne ya turo daga Agadas."

Muryar wani namiji ce, mai nauyi, yana sirka Hausa da faransanci kamar ma'aikaci. Ya ce shi babban likita ne, tsoron Allah ne ya sa shi magana. Allurar nan tana zubar da cikin awaki. Yankan kunnen kuma ƙidaya ce, badi za a bi gida gida a karɓi haraji a kan kowace mai yankakken kunne. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin da yake ba. A saman saƙon akwai hoton tutar ƙasa.

Kafin magariba saƙon ya gama gari. Mata suka cika gindin bedi, kowa na kallon bakin Hindu. Ita kuwa ta sa aka sake kunna saƙon. Muryar mutumin ta fi ta Zahra'u kama da muryar gwamnati, kuma haraji ba abin da ba a taɓa gani ba ne. Da safe ta hau tudu ta tura wa Zahra'u saƙon, ta ce, "Ɗiyata, ki gaya mini tsakaninki da Allah."

Amsar ta zo a gurup, don kowa ya ji.

"Wannan mutum ban san shi ba, ba namu ba ne. Tuta kuwa kowa na iya manna ta. Gaskiyar da zan faɗa muku ita ce, wata akuyar takan yi zazzaɓi kaɗan bayan allura, ta ƙi ci yini guda. Haraji ba aikina ba ne, ba kuma wanda ya ce in kai mishi ƙidaya. Ba zan iya rantse muku a kan abin da ba ya hannuna ba, amma allurar nan ita nake yi wa awakin gidanmu."

Hindu ta saurara har sau uku. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yarinyar ba ta ce komai lafiya lau ba. Duk da haka zuciyarta ba ta kwanta gaba ɗaya ba. Sai ta yi abin da ta saba yi da sabon iri: ba ta zuba shi a gona duka. Ranar rigakafi ta kora rabin garken zuwa filin lakwal, masu ciki kuwa ta rufe su a bayan rumbu. Matan da suka tambaye ta, abin da ta yi shi ta faɗa musu. Wasu suka bi ta, wasu suka kai duka, Aminatu ba ta kai ko ɗaya ba.

Zahra'u na cikin aiki ta ɗago kai ta dubi awakin, ta dubi Hindu.

"Inna, ina sauran?"

"Suna gida."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce kawai, "To, Allah ya tsare."

Cutar ta shigo tsakiyar ɗari, ta hanyar wata tunkiya da wani ya sayo da araha a kasuwa. Aka fara jin tari a garken gabashin gari, sannan a bakin rijiya. Wata safiya Hindu ta tarar da babbar akuyarta, mai cikin da ya tsufa, tsaye kai a ƙasa, ido ya yi kwantsa, majina ta toshe hanci. Washegari biyu suka bi ta. Duka daga cikin waɗanda ta ɓoye ne.

Ta ɗauki hoto mai motsi ta hau tudu da gudu, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Zahra'u ta amsa nan take: ta ware marasa lafiyar nesa da sauran, kada su je rijiya, kada a kai su kasuwa, ta riƙa wanke musu hanci da baki da ruwan gishiri mai ɗumi, wadda ta mutu a binne ta, kada a jefar a bayan gari. Ta ce tana tafe gobe da magani.

Goben ba ta zo ba. Jibi ma haka. Hindu tana wanke hanci, tana ɗura ruwa, tana haƙa rami. Babbar akuyar ta mutu da ƴaƴanta a ciki. Duk ƙarar moto, wato babur, da ta ji sai ta leƙa ta kan danga, sai ta ga ɗan kabu-kabu ne ya wuce. Da ta binne ta ukun, ta hau tudu, ta danna ta riƙe, ba ta aika wa Zahra'u ita kaɗai ba, a gurup ta sa, gaban mazan nan duka, ita da ba ta taɓa cewa uffan a ciki ba.

"Ni ce Hindu, ta arewacin Gidan Amumune. Laifin ɓoye awaki nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma an ce mini gobe. In ba za a zo ba, a ce ba za a zo ba, mutum ya san inda zai sa kanshi. Magana cikin salula ba ta tsai da zawo."

Sai maza suka fara shigowa, wani na ba ta haƙuri, wani na cewa su ma haka aka yi musu. Can sai ga Zahra'u, muryarta a dishe. Ta ce moto ɗaya gare su, ya lalace a hanyar wani ƙauye inda cutar ta fi tsanani, ta kwana can. Ta ce ya kamata ta sanar, ba ta sanar ba, Inna Hindu ta yi gaskiya.

Kashegari ta iso a bayan ɗan kabu-kabu, da akwatin magani a cinya. Ba su yi doguwar gaisuwa ba. Suka shiga garke tare, Hindu na riƙewa, Zahra'u na yin allura. Daga nan suka bi gidajen unguwar ɗaya bayan ɗaya har rana ta karkata. Cikin waɗanda Hindu ta ɓoye, kaɗan ne suka tashi. Masu yankakken kunne kuwa cutar ta wuce su, sai guda ta wani gida da ta yi ɓari, ba wanda ya san dalili. Aminatu ta rasa awakinta saura ɗaya, har da wadda Hindu ta ba ta riƙo. Ta zo tana kuka tana neman yadda za ta biya, Hindu ta ce ba a biyan abin da Allah ya karɓa. Amma Aminatu ba ta sake ra'ayi ba. Ta riƙe zancen akuyar nan da ta yi ɓari, tana cewa ai ga shi mutumin bai yi ƙarya duka ba.

Haraji dai ba a zo karɓa ba, ba a waccan shekarar ba, ba a ta bayanta ba. Rigakafin da ya biyo, Hindu ta kai garkenta kaf, ita ce ta farko a fili.

Ana haka aka ɗauke Zahra'u aka mai da ita wani yanki. Ta yi bankwana a gurup, ta ce wanda zai canje ta sunansa Ishaƙu. Hindu ta ji abin har cikin ƙashinta, don ita a wurinta gurup ɗin Zahra'u ne, ba na biro, wato ofishin gwamnati, ba. Sabon likitan kuma da ya fara aiki, sai ya riƙa sa sanarwa a rubuce da faransanci. Hindu ta buɗe ta ga baƙaƙe, ta rufe. In ta matsu sai ta tura wa Safi ta karanta ta maido mata da murya, kafin nan labarin ya kwana. Taron gindin bedi ya fara watsewa.

Ta ce ba za ta yanke hukunci a kan mutumin da ba ta ga idonsa ba. Ranar kasuwa ta neme shi, ta same shi a rumfar bisashe, dogo siriri da tabarau. Ta gaishe shi, ta faɗi sunanta.

"A, ke ce Inna Hindu. Madam Zahra'u ta yi mini zancenki."

"To, malam likita, mu ba mu karatu. Mi ya hana ka yi muna magana da baki?"

Ya sosa ƙeya ya yi murmushi. Ya ce shi daga yamma ya fito, bakin kogi, Hausarsa ba ta nuna ba. Ya taɓa gwadawa a wani wuri aka mai da muryarsa abin dariya ana turawa gari gari.

"Za a yi dariya," in ji Hindu. "Ni ma zan yi. Amma za mu ji."

Ya ce shi ma yana da roƙo. Saƙonnin ƙarya sun fi ƙarfinsa, kafin ya ji ɗaya ya riga ya zaga ƙauye goma. In wani ya shigo garinsu, ta turo masa tun da wuri, kada ta jira. Ta ce wannan mai sauƙi ne.

Saƙonsa na farko da murya, ya mai da akuya namiji, ya mai da rago mace. Matan gindin bedi suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce a sake kunnawa, kuma a cikin sakewar kowa ya haddace ranar da ya faɗa.

Haka ake tafiya har yanzu. Hindu ba ta ce gwamnati ta zama uwa ba, ba ta kuma ce duk abin da ya fito daga salula ƙarya ne ba. In saƙo ya zo, tambayarta ta farko ita ce muryar wa. In ta san mai ita, ta san inda za ta same shi ranar kasuwa, sai ta kunna wa mata. In ba ta san shi ba, komai tutar da ke kai, sai ta tura wa Ishaƙu ta jira.

Bazarar da ta wuce, ciyawa ta ƙare da wuri, awaki suka fara cin dangar gida. Ishaƙu ya sanar cewa an kawo dusa mai rahusa a babban gari, wanda ya riga zuwa shi zai samu, kuma ba ta da yawa. Hindu ta ɗaura jaki a amalanke da sassafe, Aminatu ta hau tare da ita, don ita ma dusa ba ta da gardama da ita. Rairayi ya ci ƙafar jakin, ba su isa ba sai da rana ta take. Suka tarar mai gadi yana share bakin magaza, ɗakin ajiyar dusar, ya ce buhun ƙarshe ya fita tun hantsi.

Aminatu ta fara sababi. Hindu ta jawo jakin inuwa ta ba shi ruwa, sannan ta ciro salula, da yake a nan rezo cike yake.

"Ni ce Hindu. Dusa an kawo, gaskiya ne, na ga buhunan a amalanken mutane. Amma ta ƙare. Wanda bai taso ba ya zauna gida, kada ya wahal da jakinshi. Malam Ishaƙu, in za a sake kawowa, a gaya wa na nesa tun ana saura kwana."

Kafin su bar garin ya amsa, ya ce ya ji, zai kai maganar gaba, amma bai yi alkawari ba. A hanyar komawa suka tsaya wani ƙauye inda Hindu ta san mai harawar wake, ta yi ciniki, suka loda abin da amalanken zai iya ɗauka. Suka shiga gari ana kiran magariba, ta sauke wa Aminatu dami biyu a ƙofar gida, ta wuce da sauran.